Mai Lamba Ɗari da Sha Huɗu

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa na bar tsohuwa a ƙofar fili tun shekaranjiya rana tana dukanta, na ji, ga ta na shigar da ita. Sai dai kada wanda ya zo yana yi min kuka a ƙasan shafi, ku kuka matsa.

*

Tun ƙarfe sha ɗaya aka shigar da su, alhali sai biyu za a fara wasa. Yarinyar kamfanin yawon buɗe ido mai ɗaga 'yar tuta ta ce wannan kyauta ce ga matan tsibirin Kazashima, za su kalli 'yan ƙwallon gora, wasan da ɗaya yake jifa ɗaya yake bugu da gora, suna atisaye kafin jama'a su cika.

Chizuru ce kaɗai ta tafa. Sauran mata goma sha biyar suka kalli juna.

"Ɗaga ƙafa," in ji Fusae, maƙwabciyarta ta shekara arba'in, tana riƙe da gwiwar hannunta. "Saura matakala tara. Takwas. Ke, a hankali, ba tsere muke ba."

"Ke ce kike jan ƙafa tun daga jirgin ruwa. Ko kuɗin kujerar ne yake miki ciwo?"

Fusae ta ƙara riƙe ta, suka ci gaba da hawa.

Kujerunsu suna can bayan katangar fili, layi na ashirin da biyu, a tsakiyar layin sosai. Chizuru ta zauna, ta gyara rigar da ke jikinta, shuɗiya mai lamba arba'in da shida da sunan gidansu, URANISHI, a baya. Ta ɗora kwalbar lemon tsami da zuma a cinya, irin wanda take yanka wa ɗanta Kohei tun yana firamare.

Ku tuna, matar nan ba ta taɓa ganin ɗanta yana jifa ba. Sau uku ta kunna rediyo lokacin yana sakandare, sau ukun masu gora suka yi wa ƙwallonsa dukan tsiya. Daga nan ta ce kunnenta ne ba shi da sa'a, ta haramta wa kanta rediyo da talabijin duk ranar wasa. Fusae ce take leƙo katanga da yamma ta ba ta labari.

To yanzu idon hagu ya mutu. Na daman ma ya fara rufewa daga gefe, tana gani kamar ta cikin bututu. Ranar Litinin za a yi masa aiki, likita kuma bai ɓoye mata ba: ko ya buɗe, ko ya rufe gaba ɗaya.

Yau Asabar. Sau ɗaya kawai take so ta gan shi a kan tudun nan na tsakiyar fili da mai jifa yake tsayawa.

"Miƙo min madubin mijinki."

Fusae ta ciro madubin hangen nesa na masunta ta ba ta.

Chizuru ta kafa shi a idon dama, ta yi ta lalube har ta samo tsakiyar fili. Wani mutum ne tsaye bayan raga, ya ba su baya, kwandon ƙwallaye a gefensa. Rigarsa ba suna, sai lamba babba: 114.

Ya jefa. Mai gora ya zabga, ƙwallon ta tashi ta faɗo cikin kujerun da babu kowa.

Ya sake ɗauka ya jefa. Aka sake zabgawa.

Ya sake. Aka sake.

"Kai," in ji Chizuru. "Wannan kuma daga ina aka samo shi?"

"Ki ci ƙunshin abincinki kafin ya huce," in ji Fusae.

"Dama da sanyi aka ba mu. Ki duba fa, Fusa, goma sha ɗaya ke nan ina ƙirgawa, ko ɗaya ba a kuskure ba. Kamar miƙa musu yake a faranti." Ta yi dariya har kafaɗarta tana girgiza. "Shi ma bahago ne kamar Kohei, amma ina. Wannan ai ko ni aka ba gorar sai na buga."

Ba wadda ta taya ta dariya. Matar mai gidan waya da ke gefen Fusae ta duƙufa tana neman wani abu a jaka, abin da babu shi.

"Ko ba shi da uwa ne ta ce masa ya dawo gida ya kama sana'a? Ni da nawa ne, da kunya ba ta bar ni na fita kasuwa ba."

"Chizu."

"Me?"

"Ba komai. Rana tana dukan kanki, sa hular."

Minti ashirin mutumin ya yi yana jifa ana bugewa. Da ya gama ya cire hula ya rusuna wa mai gora, ya karkata wuya hagu da dama, ya ɗauki kwandonsa ya shige ciki. Chizuru ta riga ta sauke madubin tana ɓare sandunan cin abinci.

*

Kafin ƙarfe biyu wurin ya cika har ba masaka tsinke. Mutum ashirin ta dama, ashirin ta hagu, gwiwa tana gogar bayan kujerar gaba. Masu begila da ganga suka kafa a sama da su.

Nan Chizuru ta koyi dokar wurin. In ƙungiyarku ce take bugu, kowa a tsaye, kowane ɗan wasa da waƙarsa, sai an rera ta daga farko har ƙarshe. In kuwa 'yan hamayya ne suke bugu, ku zauna ku yi shiru, lokacin waƙar mutanen can tsallake ne.

"Wannan ai wahala ce," in ji ta a zagaye na biyu. "Tashi, zauna, tashi, zauna. Ko a jana'iza ba a yi min haka ba."

Wani ya tuntsire da dariya a bayanta. Ƙato ne mai tawul a wuya da sandunan roba biyu na tafi, ya ce sunansa Kumagai, direban tasi, shekara talatin da ɗaya yana zama a wannan kujerar.

"Gwaggo, yau kika fara zuwa ko?"

"An rubuta a goshina ne?"

"A bayanki aka rubuta. Rabon da in ga wannan rigar..."

"Ɗan nan, ci busasshen kifi," in ji Fusae, ta juyo da sauri ta tura masa leda a ƙirji. "Na tsibirinmu ne, ba irin na kanti ba."

Kumagai ya karɓa ya yi godiya.

A zagaye na uku ya sake sunkuyowa. "Wato Gwaggo, shi mai wannan rigar ai ni na ga ranar da..."

"Ga wainar shinkafa. Ci biyu, jikinka babba ne."

A na huɗu ta ba shi lemo. A na biyar ta ba shi nata ƙunshin gaba ɗaya. Bawan Allah yana ta tauna yana mamakin kirkin mutanen tsibiri.

Chizuru kuwa hankalinta ba ya nan. Kowane canji sai ta taɓa Fusae.

"Yanzu ne?"

"Na gaya miki ba kullum ake sa shi ba. Mai ceto ne, sai abu ya ɓaci. Wataƙila ma yau ranar hutunsa ce."

"Jikina ya ba ni yau zai fito."

"Jikinki ya ba ki za a yi ruwa ranar bikin kaka, aka yi rana har kifi ya bushe."

A zagaye na shida abu ya ɓaci. 'Yan hamayya suka cika sansanoni biyu, wuraren da mai gudu yake tsayawa kafin ya ci maki, koci ya fito ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifa. Wata ƙofa ta buɗe a jikin katanga, daidai ƙasan su Chizuru, wani ya fito da gudu.

Ta ɗaga madubin. Ta lalubo bayan rigar.

Arba'in da shida.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Mutum dubu nawa a zaune, tsohuwa ɗaya a tsaye, kwalba a hannu ɗaya, madubi a ɗayan.

"Kohei! Ko-chan! Ga ni nan!"

"Zauna," in ji Fusae, tana jan rigarta. "Don girman iyayenki zauna."

"Sake ni. Ɗana ne," ta faɗa wa na gabanta da suka waiwayo. "Ni na haife shi."

Ta mayar da madubin. Mai lamba arba'in da shida ya hau tudu, ya shuri ƙasa, ya ɗaga ƙafa ya yi jifan gwaji.

Ya sake jefawa.

"Fusa."

"Na'am."

"Me ya sa yake jifa da hannun dama?"

Fusae ta runtse ido.

Lasifika ta maimaita, a hankali, da muryar nan ta mace mai sanyi: "Mai jifa, Nagasue. Lamba arba'in da shida, Nagasue."

"Sun yi kuskuren suna," in ji Chizuru.

Ledar Fusae ta ƙare, ba sauran abin da za ta tura wa Kumagai a baki. Shi kuwa da zuciya ɗaya ya sunkuyo.

"Ba kuskure ba ne, Gwaggo, bara aka ba yaron nan lambar. Ai tun da aka sallami Uranishi shekara biyu da suka wuce take ajiye kafin a ba shi. Abin da nake ta son gaya miki ke nan, rigarki ta zama ta tarihi."

"Aka sallami wa?"

"Uranishi Kohei. Kafaɗa ce ta ci shi, ka ga yaro mai..." Sai ya tsaya. Ya kalli fuskar Fusae, ya kalli matan layin da duk suka sunkuyar da kai. Ya haɗiye sauran kifin da ƙyar. "Gwaggo, da kika ce ke kika haife shi, na ɗauka irin maganar masoya ce."

Chizuru ta koma ta zauna.

*

An fitar da mai bugu ɗaya na 'yan hamayya, an fitar da na biyu, ba ta gani ba. Kwalbar kawai take kallo.

"Fusae."

Shekara arba'in ba ta kira ta da cikakken suna ba.

"Daren Talata kin leƙo katanga kin ce min ya fitar da mutum uku a jere."

"Na ce."

"Kin ce na ukun har ya jefar da gora don haushi."

"Na ce."

"Daga ina kika samo?"

"Daga kaina."

"Shekara biyu?"

"Shekara biyu da wata bakwai... a'a, ɗaya da wata bakwai. Ban sani ba, Chizu, na daina ƙirgawa."

Chizuru ta juya a hankali, don sai ta juya kai gaba ɗaya take ganin gefe. Ta bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Matar mai gidan waya. Matar mai jirgin fito. Mai shagon gyaran gashi da take zama wurinta duk wata tana zuba labarin Kohei.

"Har da ku?"

Ba wadda ta ɗago.

"Bara da kaka, da aka ce min ya ci wasa goma, na daka shinkafa kwano shida da hannuna. Gida-gida na bi ina rabon waina. Kun karɓa kun ce min barka." Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma take yi. "Kun ci?"

"Mun ci," in ji matar mai gidan waya, hawaye yana zubo mata.

"Ta yi daɗi?"

"Chizu, ya isa," in ji Fusae.

"Mutum ɗari uku a tsibiri, har da yaran makaranta, kowa ya sani sai ni. Ina wucewa kuna cewa ga mahaukaciya nan."

"Ba wanda ya taɓa cewa haka."

"Matsa in wuce."

Ta miƙe. Daidai lokacin aka fitar da na uku, ƙungiyar gida ta karɓi bugu, ganga ta tashi. Layin gaba ɗaya ya miƙe tsaye, kafaɗa da kafaɗa, ana tsalle ana buga sanduna. Ta dama bango ne na mutane, ta hagu ma haka. Ta ce a gafarce ta, ba wanda ya ji. Ta sake faɗa, waƙa ta haɗiye muryar.

Ko da sun buɗa mata ma, ina za ta? Matakala ashirin da biyu ne masu tsayi, ba abin kamawa, idonta kuma ba ya ganin ƙasa in tana kallon gaba. Hannu ɗaya ne ya hawo da ita, shi kaɗai ne zai saukar da ita, kuma shi ne hannun da ba ta son ya ƙara taɓa ta.

Ta koma ta zauna a tsakiyar ƙafafun mutane. Ga zafi, ga warin gumi da giya, ga ganga tana dukan cikin kanta.

Fusae ma ta zauna. Su biyu kaɗai a zaune, kamar a cikin rijiya.

"Ki zage ni, na yarda," in ji Fusae a kunnenta. "Amma ki ji yadda aka yi."

"Ba na so."

"Ba inda za ki, sai kin ji. Makon da likita ya ce miki idon hagu ya tafi, a makon aka kira shi ofis aka ce kada ya dawo baɗi. Ya zo tsibiri a jirgin safe, bai shiga gidanku ba, nawa ya shigo. Ya durƙusa a kicin ɗina, goshinsa a ƙasa. Ya ce, Gwaggo Fusa, Inna ta rasa ido, kada ta rasa wannan ma a mako ɗaya. Ya ce wata uku kawai, in kin warware zai faɗa miki da bakinsa."

"Wata uku."

"Da wata ukun ya cika kin riga kin fara cewa labarin wasansa ne kaɗai yake sa ki tashi da safe. Ke kika faɗa, a bakin katanga. To wa zai iya?"

"Da kin hana ni zuwa."

"Ban yi ba? Na ce kujeru sun ƙare, kika buga wa kamfani da kanki. Na ɓoye takardar tafiyar, kika karɓo wata. Na ce bari in sanar da shi, kika sa na rantse da kabarin mijina ba zan faɗa ba, wai hannunsa zai yi rawa." Fusae ta share hanci da bayan hannu. "Shi ya ɗaure min baki ta nan, ke kin ɗaure ta can. Ni kuma uwar wa na kashe?"

"Ɗana ya yi min ƙarya shekara biyu."

"Ke fa? Kin gaya masa zancen Litinin?"

Chizuru ta sunkuyar da kai kan kwalbar.

"Kin gaya masa jibi za a yanka idon da ya rage? Ko ce masa kika yi ya warke har kina zura zare a allura? Ina tsaye kika faɗa a waya. Wannan ma ni na ɗauka. Ku biyu kun mai da ni jakar ƙaryarku, na gaji, Chizu."

Wani ya buga ƙwallo mai nisa, filin ya ɗauki ihu. Wani ya taka wa Chizuru ƙafa bai ma sani ba.

Da aka zauna, ta juya baya. Kumagai ya naɗe tawul ɗinsa a hannu, ya kasa kallonta.

"Kai mai tasi."

"Na'am, Gwaggo. Ki yafe min, bakina ne ba shi da birki."

"Tunda ba shi da birki, ƙarasa. Ina yake yanzu? Dako yake yi a tashar jirgi? Ko wanke-wanke?"

"A'a, yana nan. Ƙungiya ba ta sake shi ba, ta riƙe shi a ma'aikata."

"Wane aiki?"

Kumagai ya kalli Fusae. Fusae ta girgiza masa kai, ta girgiza, har ɗankunnenta yana kaɗawa.

"Kada ka kalle ta, ni na tambaye ka."

"Mai jifan atisaye ne."

"Me ke nan?"

"Kafin wasa, shi yake jefa wa 'yan bugu su gyara hannu. Ai su ma'aikata lamba uku ake ba su, don a bambanta su da 'yan wasa. Da kun zo da wuri da kun gan shi, bahago ne, lamba ɗari da sha huɗu."

Kwalbar ta zame daga cinyarta. Fusae ce ta cafke ta kafin ta kai ƙasa.

Wuyan nan. Hagu, dama, kafin ya ɗauki kwando. Haka ubansa yake yi in ya gama jan komar kifi, haka shi ma yake yi tun yana ɗan shekara biyar in ya ajiye jakar makaranta. Ta gani da idonta ɗazu, ta sauke madubi ta ɓare sandunan cin abinci.

Minti ashirin aka ba ta. Abin da ta ƙetaro teku dominsa an ba ta shi cikakke, ba kowa a filin, ba abin da ya tare mata. Ta ƙare shi tana ƙirga dukan da ake yi masa tana dariya.

"Me na ce ɗazu?" in ji ta. "Fusa, me na ce a kan uwarsa?"

"Ban ji ba."

"Kin ji."

"Iska ake yi, ban ji ba."

Kumagai bai san abin da ya faru da safe ba, ya ɗauka kunyar aikin take ji, sai ya dage.

"Gwaggo, kada ki raina aikin nan. Shekara ashirin yaro yana koyon yadda za a kasa bugunsa, rana ɗaya a ce masa juya, yanzu jefa yadda za a ji daɗin bugu. Da yawa hannunsu rikicewa yake, su kasa jifa kwata-kwata. Ɗanki ƙwallo ɗari da wani abu kullum, kowace a inda mai gora yake so. Kin ga ƙaton can mai lamba biyar da muke wa waƙa? An ce ba ya yarda kowa ya jefa masa sai Uranishi. In aka kuskure ƙwallonsa, shi ne ya yi laifi. In aka fitar da ita bayan katanga, to ya iya aiki."

"Ko ɗaya ba a kuskure ba," in ji Chizuru. "Na ƙirga."

"Kin gani ba. Wato kin..." Ya sake tsayawa. Wannan karon da kansa ya sa tawul ya toshe bakinsa.

*

Zagaye na bakwai ya zo. Ko'ina mutane suna hura dogayen balan-balan shuɗɗa, waɗanda ake saki gaba ɗaya in an gama waƙar ƙungiya. Suka tsaya sama da kawuna har suka tare mata ɗan filin da take gani. Yanzu ba tudu, ba ciyawa, sai roba shuɗiya ta ko'ina.

Ta zura hannu a jaka ta ciro wayarta mai manyan lambobi.

"Me za ki yi?" in ji Fusae.

"Mai tasi, 'yan wasa suna riƙe waya in ana wasa?"

"Haram. Ko koci ba ya riƙewa."

"Ma'aikata fa?"

"Su suna ciki, ɗakin duba hotunan wasa. Wataƙila."

"Chizu, bari a tashi. Bari mu sauka, in kai ki ƙofar baya, ku yi magana kamar mutane."

"Motarmu ƙarfe biyar za ta tashi, jirgi ba ya jira. Gobe asibiti za su kwantar da ni. Yaushe?"

Fusae ta sake mata hannu.

Ta danna ɗaya, lambarsa ce a nan. A ranta tana roƙon kada ya ɗauka. In bai ɗauka ba, wataƙila mai tasi ya ruɗe, wataƙila akwai wani Uranishi.

Ƙara biyu ya ɗauka.

"Inna? Lafiya? Ba kya kira ranar wasa."

Ta ƙara danna wayar a kunne.

"Inna, idon ne? Ko faɗuwa kika yi? Yi magana mana. Ina... ina wurin ɗumama hannu ne, yanzu za a iya kirana, na ɗan fito ne kawai."

Yadda ƙaryar ta fito masa a saukake, da 'yar dariyar nan tasa, shi ya fi yi mata ciwo. Tausayinsa ya kama ta.

Sai begila ta tashi a bayanta. Mutum dubu arba'in suka ɗauki waƙar ƙungiya. Ta ji ta a kunnen hagu daga filin, ta ji ta a kunnen dama daga cikin waya, tana biyowa a baya kaɗan.

Shi ma ya ji.

"Inna, rediyo kika kunna?"

"A'a."

"Talabijin ɗin Gwaggo Fusa ne?"

"A'a."

Waƙar ta kai ƙarshe. Aka saki balan-balan, suka tashi sama da fito mai tsini, suka fara zubowa a kan mutane. Ɗaya ta faɗo a cinyarta, a kan kwalbar zuma.

"Inna." Dariyar ta bar muryarsa. "Kina ina?"

"Bayan katanga. Layi na ashirin da biyu."

Tana jin numfashinsa. Wani ya yi masa magana a can, bai amsa ba.

"Ke da wa?"

"Da duk waɗanda suka ci wainata."

Ya ja numfashi mai tsawo, irin na yaron da aka kama.

"Tun ƙarfe nawa kika shigo?"

Fusae ta damƙe mata gwiwa, tana yi mata alama da baki: biyu, ce biyu. Matar mai gidan waya ma ta ɗaga yatsu biyu. Har Kumagai ya ɗaga nasa daga baya. Ƙarya ɗaya ce ƙarama, ga mutum goma sha shida a shirye su taya ta riƙewa.

"Tun sha ɗaya," in ji Chizuru.

Wani abu ya faɗi a can ɓangarensa, kamar kujera. Da ya sake magana, ba muryar mai shekara talatin ba ce. Muryar yaron nan ce da yake dawowa daga filin makaranta da ƙura a gwiwa, ya tsaya a ƙofar kicin da tambayar da bai taɓa samun damar yi mata ba.

"Inna... kin gan ni?"